Abokin aikina ya mai da ni abin takawa: in kai ƙara ko in ci gaba da haɗiyewa?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, amma yau tura ta kai bango. Shekarata uku a wurin da nake aiki. Akwai wani bawan Allah da muke sashe ɗaya, ya riga ni zuwa da daɗewa, amma ba ogana ba ne, matakinmu ɗaya a takarda. Tun da na zo bai taɓa kiran sunana ba, "ke yarinyar nan" shi ne sunana a bakinsa. In zai ba ni fayil ba ya miƙo min, daga tsaye yake wurgo shi kan tebur. In ina magana a mitin sai ya kama ƙwanƙwasa tebur da biro, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har in rikice in yi shiru, sannan ya ɗauki maganar da na fara ya ƙarasa ta kamar daga kansa ta fito.

Duk wannan na shanye. Abin da ya ƙure ni shi ne na ranar Talata. Na yi kuskuren lamba ɗaya a rahoton wata, abin da za a gyara cikin minti biyu. Sai ya tsaya a gaban baƙi biyu ya ce, "Wai ke kanki na ado ne?" Banɗaki na shiga na kunna famfo don kada a ji kukana. Da na sami oga, cewa ya yi in yi haƙuri, halinsa ne, haka yake yi wa kowa. Wallahi ba haka yake yi wa kowa ba, na ga yadda yake rusunawa in manya sun shigo. Yanzu ko ƙarar makullansa na ji a baranda sai cikina ya murɗa. In rubuta ƙorafi ne, ko in ci gaba da haƙuri?

Ba Na Ɗaukar Raini:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ke kika ba shi fuska. Rama cuta ga macuci ibada ne. Gobe in ya wurgo fayil ki bar shi ya faɗi ƙasa, ki ce masa ya ɗauko ya miƙo miki kamar mutum. In ya ce kanki na ado ne, ki ce ai gara naki yana da ado. Irin waɗannan sau ɗaya ake taka musu burki a gaban jama'a su shiga taitayinsu.

Dattijon Ofis:
Yaro, sannu da zafin kai. Na yi shekara 35 ina aiki kafin in yi ritaya, na ga masu irin shawararka da yawa, kuma na ga takardar tuhumar da ta biyo baya. Ranar da ta rama a gaban mutane, magana ta tashi daga "yana cin zarafinta" ta koma "ba sa jituwa", sai a raba musu laifi biyu. Shi yana da tsofaffin abokai a sama, ita wa take da shi? 'Yata, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Ko harshe da haƙori suna saɓawa. Ki yi aikinki, ki ɗauki albashinki, ki kama gabanki. Watarana sai labari.

Uwar Biyu:
Baba, da girmanka, amma "watarana sai labari" ɗin nan ita ta sa na yi shekara biyu ina shan maganin hawan jini. Ni ma haƙuri aka yi ta ba ni a kan wata mata da muke aiki tare. Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne, baƙin cikin ba ya tsayawa a ofis. Gida nake kawo shi. Wata rana ƙaramar 'yata ta zubar da ruwa a ƙasa, na daka mata tsawar da ni kaina sai da na tsorata, kuma da kalmomin matar nan na yi ta. A nan na gane abin ya ci ni.

Dattijon Ofis:
Allah ya ba ki lafiya. Ban ce ta zama jaka ba, cewa na yi kada ta rama da baki.

Anti Mai Kula da Ma'aikata:
Bari in sa baki, tunda teburina ne irin waɗannan takardu suke sauka. Baba yana da gaskiya a rabi, saurayin can ma yana da gaskiya a rabi. Ramuwa za ta ɓata miki hujja, shiru kuma zai ƙara masa ƙarfin gwiwa. Amma tsakaninsu akwai hanya mai faɗi da mutane suke tsallakewa.

Ƙanwata, tambaya ta farko: kin taɓa gaya masa, ke da shi, cewa abin da yake yi ba kya so? Ba a gaban mutane ba, ba kuma lokacin da ranki yake tafasa ba. Na san za ki ce ai ya sani. Wataƙila ya sani. Amma in takardarki ta zo gabana, abin da zan fara tambaya ke nan, kuma abin da shi ma zai fara karewa da shi ke nan: "Ai ba ta taɓa nuna min ta ji haushi ba, wasa nake yi." Ki rufe masa wannan ƙofar. Magana gajera, a kan abin da ya aikata, ba a kan halinsa ba. Kada ki ce "ba ka da mutunci", nan take zai hau musu. Ki ce, "Ranar Talata ka ce kaina na ado ne a gaban baƙi. Ban yarda da wannan ba. In na yi kuskure ka nuna min a tsakaninmu, kuma ka kira ni da sunana." Ki tsaya a nan. Kada ki ba da haƙuri, kada ki yi dogon bayani.

Na biyu, daga yau ki sami ɗan littafi, naki na kanki, ba na ofis ba, kada kuma ki ajiye a kwamfutar wurin aiki. Duk abin da ya faru ki rubuta a ranar: kwanan wata, lokaci, wurin, ainihin kalmomin da ya furta, da waɗanda suke wurin. Mafi yawan ƙorafin da ke mutuwa a hannunmu ba don ƙarya ne ba. Mutum zai zo yana kuka ya ce "kullum yana wulaƙanta ni", in ka ce yaushe, me ya ce, wa ya ji, sai ya ce "ai ba ya ƙirguwa". To ni ba zan iya tuhumar mutum da "kullum" ba. Amma in an ce ranar kaza da ƙarfe kaza, a gaban wane da wane, ya ce kaza, dole ya amsa.

Mai Neman Shawara:
Anti, gaskiya ban taɓa yi masa magana ba. In na gan shi bakina mutuwa yake yi. Kuma ina tsoron a ce ƙananan abubuwa ne. Wa zai rubuta takarda a kan biro?

Ɗalibin Halayyar Ɗan'adam:
Yaya, ai ƙanƙantar tasu ita ce makamin. Masu bincike sun daɗe da lura da wannan. Akwai wani masani, Heinz Leymann, da ya yi aiki a ƙasar Suwidin tun shekarun 1980 a kan yadda ake takura wa mutum a wurin aiki. Ya lissafa ɗabi'u 45, kuma da yawansu in ka ɗauke su ɗaya ɗaya ba su kai a ɗaga murya ba: katse mutum in yana magana, ƙin kula shi, yi masa dariya, hana shi aiki ko ɗora masa wanda bai dace da shi ba. Ma'aunin da ya sa shi ne maimaituwa, wato aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata shida. Ke kuma shekara uku kike magana. Shi ya sa littafin da Anti ta ce yake da amfani. Biro ɗaya ba komai ba ne, biro ashirin a jere da kwanan wata labari ne.

Shi kuma mai cewa a rama, a 1999 wasu masu bincike biyu a Amurka, Lynne Andersson da Christine Pearson, sun yi bayanin yadda rashin ladabi yake hawa kamar matattakala: ka yi min kaɗan, in rama da ɗan ƙari, ka ƙara, har a kai inda ba wanda ya yi niyyar zuwa. Mu dai mun riga mun san ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Ba Na Ɗaukar Raini:
Malam ɗalibi, Turawan nan naka ba su taɓa zama da ɗan rainin hankali ba ne. Ni na gwada tawa kuma ta yi aiki.

Uwar Biyu:
Ta yi aiki don kai namiji ne mai murya, wataƙila kuma ba a kan gwaji kake ba. Mace ta ɗaga murya a ofis ka ji sunan da za a sa mata kafin a tashi aiki.

Ma'aikaciyar Jinya:
Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan ba mutumin ba ne, ogan ne. "Halinsa ne" ita ce kalmar da shugabanni suke fakewa da ita in ba sa son wahala. Kuma suna ɗauka ran mutum ɗaya ne kawai yake ɓaci, aiki yana nan lafiya. Ba haka ba ne. A fanninmu an yi gwaji a Isra'ila, aka wallafa a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2015. Tawaga 24 ta masu kula da jarirai bakwaini, kowace da likita ɗaya da ma'aikatan jinya biyu, aka ba su jaririn roba na koyo aka ce su gano ciwonsa su yi magani. Wasu tawagogin an sa wani baƙon ƙwararre ya yi musu maganar raini, wasu kuma ya yi musu magana ta lafiya lau. Waɗanda aka raina sun fi yin kuskure wajen gano ciwon da wajen aikin hannu, kuma sun rage gaya wa juna bayani da neman taimako. Magana ce fa ta ɗan lokaci, daga baƙo, ba zagi ba.

Ni na gani da idona. Muna da wani babba da in ka kira shi da dare sai ya wanke ka tas kafin ya saurare ka. Me ya faru? Yara suka daina kiransa sai abu ya lalace. Za ka ga yarinya riƙe da waya, ta danna lambar, ta tsaya tana kallon mara lafiya tana kallon wayar, tana auna wanne ya fi sauƙi. To ke ma ki duba, tun da ya fara ƙwanƙwasa biron nan, shawara nawa kika haɗiye a mitin?

Mai Neman Shawara:
Wallahi kamar kina wurin. Na fi wata huɗu ban buɗe baki a mitin ba.

Anti Mai Kula da Ma'aikata:
To wannan jimlar ki sa ta a takarda in an kai ga rubutawa. Zan faɗa miki gaskiyar da abokan aikina ba sa so a faɗa: sashenmu an kafa shi ne don kare ma'aikata, wato kamfanin ko hukumar, kafin ma'aikaci. Ba mugunta ba ce, tsarin ke nan. Saboda haka takardar da ta nuna aiki yana lalacewa ta fi saurin motsa mu a kan wadda ta tsaya ga ɓacin rai. An ci mutuncinki a gaban baƙi, wannan sunan wurin ne yake zubewa. Kin daina ba da shawara, wannan asara ce. Christine Porath da Christine Pearson sun tambayi ma'aikata da manajoji 800 a fannoni 17, suka wallafa a 2013: cikin waɗanda aka yi wa rashin ladabi, kashi 48 cikin ɗari da gangan suka rage ƙoƙari, kashi 12 suka bar aikin, kashi 25 suka amsa cewa sun huce a kan kwastoma. Duk ogan da ya san lissafi ya san wannan kuɗi ne.

Takardar kanta shafi ɗaya ta isa. Abin da ya faru da kwanan wata, matakin da kika riga kika ɗauka, har da zuwanki wurin oga da amsar da ya ba ki, sannan abin da kike nema. Wannan na ƙarshen mutane suna mantawa. Kina so ya daina ne, ko a raba muku tebur, ko a canza wanda yake duba rahotonki? In ba ki faɗa ba, za a zaɓa miki, kuma sau da yawa mai ƙorafin ake ɗagawa a kai wani sashe. Ki riƙe kwafi, ki tabbata an sa hannu an karɓa, ko ki tura ta imel. Kafin duk wannan ki nemi kundin ƙa'idojin ma'aikatanku ki karanta babin ƙorafi, don wasu wuraren suna da wa'adi da matakan da in kika tsallake ɗaya za a mayar miki da takardarki.

Sabon Shiga:
Me zai hana ta ɗauki muryarsa a waya kawai? Hujja ta ƙare.

Anti Mai Kula da Ma'aikata:
A'a, kada ta yi gaggawar wannan. Dokar naɗar murya a ɓoye ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wurare da yawa sun haramta shi a ƙa'idarsu. Sai ki je da ƙara ki dawo da takardar gargaɗi. Saƙon da ya turo miki da hannunsa, wannan ki adana.

Ɗan Ƙungiyar Ƙwadago:
Na ji daɗin da Anti ta faɗi gaskiya da bakinta, ta hutar da ni. Saboda haka nake cewa kada ki shiga ɗakin nan ke kaɗai. In kuna da ƙungiya, ki sami wakilinku tun kafin ki miƙa takarda. In babu, ki nemi a bar wata abokiyar aiki ta raka ki zaman. A Ingila ma doka ce ta ba ma'aikaci damar zuwa zaman sauraron ƙorafi da abokin aiki ko wakilin ƙungiya. Mutum biyu in sun ji magana, da wuya a juya ta gobe.

Kuma ku daina ganin abin nan kamar shagwaɓa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta amince da Yarjejeniya ta 190 a watan Yunin 2019 a kan cin zarafi da tsangwama a duniyar aiki, ta fara aiki a 2021. Ba duka da zagi kaɗai ta ƙunsa ba, har abin da ke cutar da tunanin mutum, ko sau ɗaya aka yi ko an maimaita. Ta haɗa da masu koyon aiki da masu neman aiki, ta haɗa da saƙonnin waya na aiki da tafiye-tafiyen aiki. Sai dai tana ɗaure ƙasar da ta rattaba hannu ta amince ne kawai, don haka kowa ya duba dokar inda yake. Suwidin ta yi ƙa'idarta tun 1993, Faransa ta sa hukunci a kan irin wannan takura a 2002. Binciken da ILO ta fitar a 2022 tare da kamfanin binciken ra'ayin jama'a na Gallup ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin biyar na masu aiki a duniya sun taɓa fuskantar cin zarafi ko tsangwama, kuma kusan rabinsu ba su gaya wa kowa ba. Manyan dalilansu biyu: ɓata lokaci ne, da tsoron zubewar suna.

Dattijon Ofis:
To ai ka faɗa da bakinka, ɓata lokaci ne. Yarjejeniya tana can a takarda, yarinya tana nan da mai biro. Ni abin da nake tsoro, ranar da aka kira shaidu, duk waɗanda suke ce mata "wallahi bai kyauta ba" a baranda za su ce ba su ji komai ba. Na ga wannan ba sau ɗaya ba.

Ɗan Ƙungiyar Ƙwadago:
Wannan kam gaskiya ne, Baba, ba zan musa ba. Shi ya sa ba a gina ƙara a kan alƙawarin shaidu.

Wani Mai Laifi:
Ku ba ni dama in yi magana daga ɗaya ɓangaren, ko da za ku jefe ni. Ni an taɓa kai ƙarata. Wani yaro ne a ƙarƙashina, na ɗauka muna wasa da dariya, ina ce masa "malalaci" in ya makara da aiki, mutane su yi dariya, shi ma ya yi murmushi. Ranar da aka kira ni aka karanta min kalmomina ɗaya bayan ɗaya da kwanan wata, sai na ji kamar wani ake karantawa. Sau goma sha ɗaya. Da farko fushi na yi, na ce me ya sa bai same ni ba. Daga baya na tambayi kaina, da ya same ni, da na saurare shi? Wataƙila da na ce masa ba ya da juriya. Ban ce mutumin nan naki irina ba ne, wanda yake rusuna wa manya ya taka na ƙasa ya san abin da yake yi. Amma ki yi masa maganar nan da Anti ta ce. In irina ne, zai ji kunya. In ba irina ba ne, kin sami layin farko na takardarki.

Ba Na Ɗaukar Raini:
Malam, kai dai ka yi sa'a yaron mai sanyi ne.

Uwar Biyu:
Kai kuma Allah ya shirye ka. Ƙanwata, abu ɗaya zan ƙara: ki fara duba wasu wuraren aiki a hankali, ba don ki gudu ba. Mutumin da ya san yana da wata ƙofa, muryarsa ba ta rawa in yana magana.

Mai Neman Shawara:
Jama'a, na dawo bayan kwana tara, na ga wasu sun yi ta tambaya. Na sayi littafin. Na kuma yi masa magana ranar Alhamis bayan an watse daga mitin. Sai da na maimaita kalmomin a gaban madubi ya fi sau goma, duk da haka muryata ta yi rawa, kuma na manta rabin abin da na shirya. Na dai ce masa maganar ranar Talata ba ta yi min daɗi ba, kuma ina da suna. Ya kalle ni ya ce, "Au, abin har ya kai haka?" Ya kwashi makullansa ya fita. Bai ba ni haƙuri ba.

Tun ranar bai wurgo min fayil ba, masinja yake ba wa ya kawo min. Bai kira ni "yarinyar nan" ba, amma bai kira sunana ba, gaba ɗaya ya daina yi min magana. Jiya a mitin na yi bayani har ƙarshe. Ya ɗauki biron, ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa sau biyu, na ci gaba da maganata ban tsaya ba. Na rubuta a littafin. Yanzu ban sani ba, wannan gaba da yake yi da ni ita ma abin rubutawa ce, ko in bar ta a matsayin sauƙi?

Anti Mai Kula da Ma'aikata:
In gaisuwa ce kawai ya janye, bar shi da kayansa, ba dole sai kun yi zumunci ba. In kuma ya fara ɓoye miki bayanin da aikinki yake buƙata, ko a kira mitin ba a gaya miki ba, wannan ki rubuta, da kwanan wata. Ki ba shi mako uku mu gani. Kin samo kundin ƙa'idojin?

Mai Neman Shawara:
Na tambaya, an ce kwafi ɗaya ne kuma yana cikin durowar oga. Gobe zan sake komawa.